Takardar da Nneka Ogwumike ta samo ta fi kofinta nauyi

In ka tambayi masu bin ƙwallon kwando abin da suka fi tunawa da Nneka Ogwumike, za su kai ka daren 20 ga Oktoba, 2016, a birnin Minneapolis. Wasa na biyar ne, na ƙarshe, tsakanin Los Angeles Sparks da Minnesota Lynx, wanda ya ci shi ne da kofin gasar WNBA. Maya Moore ta jefa wadda ta sa Lynx gaba da 76 da 75, saura 'yan daƙiƙoƙi a tashi. Chelsea Gray ta jefa wa Sparks, ba ta shiga ba. Nneka ta cafe, ta ɗaga za ta jefa, Sylvia Fowles ta make ƙwallon. Ta sake cafewa, tana faɗuwa da baya ta saki, ta faɗa kwando, saura daƙiƙa 3.1. Aka tashi 77 da 76. Rabon Sparks da kofi tun 2002. Mutanen Minnesota har yau suna da ƙorafi, don hukumar gasar da kanta ta amsa daga baya cewa wata ƙwallo da Nneka ta ci kafin nan, ana saura minti ɗaya da 'yan kai, lokacin jifa ya riga ya cika, bai kamata a ƙirga ta ba. Suna da gaskiyarsu, amma kofi yana Los Angeles.

Shekarar gaba ɗaya tata ce. Ta kammala kakar da matsakaicin maki 19.7 a kowane wasa, kuma cikin kowace jifa ɗari da ta yi, sama da 66 sun shiga. Wanda bai taɓa tsayawa ƙarƙashin kwando mutum biyu na tura shi ba, ba zai san nauyin wannan lissafi ba. Ni da na yi shekaru ina koyar da wasannin motsa jiki a makarantar 'yan mata, in yarinya ta jefa goma huɗu suka shiga, sai na ce a tafa mata. A watan Yunin wannan shekara Nneka ta jefa 12 a wasansu da Dallas, duk 12 suka shiga, sannan ta haɗa jifa 23 a jere cikin wasanni uku ba ta ɓarar da ko ɗaya ba. Aka zaɓe ta gwarzuwar 'yar wasan gasar.

Sauran tarihin kowa zai iya karanta shi a taƙaice. An haife ta a 1990 a Tomball, jihar Texas, iyayenta 'yan Najeriya ne, Ibo, sunanta na yanka Nnemkadi. Ta yi jami'ar Stanford a hannun koci Tara VanDerveer, kuma duk shekaru huɗun da ta yi sai da suka kai zagayen huɗun ƙarshe na gasar jami'o'in Amurka. A 2012 ita aka fara zaɓa cikin sababbin 'yan wasan da za su shiga WNBA, ta kuma zama gwarzuwar sababbin shiga. Bayan shekara biyu ƙanwarta Chiney ta maimaita duka biyun a Connecticut Sun. Nneka ta ci zinariya a gasar cin kofin duniya da Amurka a 2014 da 2018, ta ci kofin Turai da Dynamo Kursk ta Rasha a 2017, an ba ta lambar ladabi da kyakkyawar mu'amala a fili shekara uku a jere daga 2019, aka kuma sa ta cikin 'yan wasa 25 mafiya daraja a tarihin gasar a 2021. A 2024 ta bar Sparks bayan kaka 12 ta koma Seattle Storm.

Duk wannan na ji, na kuma jinjina. Amma a ganina babban abin da wannan baiwar Allah ta yi, ba a cikin fili ta yi shi ba. A kan teburin tattaunawa ta yi shi, da biro da takarda, kuma shi ne ɓangaren da mu a nan muka fi buƙatar ji, muka kuma fi yin biris da shi.

A cikin watan da ta ci kofin, Oktoban 2016, 'yan wasan WNBA suka zaɓe ta shugabar ƙungiyarsu ta ƙwadago, ta gaji Tamika Catchings. Ƙungiyar ba sabuwa ba ce, tun 1998 aka kafa ta, shekara ɗaya bayan gasar ta fara. Abin da Nneka ta tarar shi ne gasa mai cike da gwanaye waɗanda ba sa iya rayuwa da albashinsu. Mafi girman albashi bai kai dala dubu 120 a shekara ba, mafi yawa kuma ba su ko kusa da hakan. Shi ya sa da an rufe kaka a Amurka sai su watse, wasu Rasha, wasu Turkiyya, wasu Sin, su yi wasa duk lokacin sanyi, su dawo da gwiwa a kumbure su shiga sabuwar kaka. Ita kanta ta yi Poland, ta yi Rasha. Wannan neman abinci ne ya kai Brittney Griner filin jirgin saman Mosko a Fabrairun 2022, inda aka kama ta, ba ta ga gida ba sai Disamba. A lokacin da Nneka ta karɓi shugabanci, mata masu tsawon kusan mita biyu suna naɗe ƙafa a kujerun baya na jirgin haya, wasu kuma a haɗa su biyu a ɗakin otal ɗaya. Wadda ta samu juna biyu kuwa, tana iya komawa rabin albashi. Skylar Diggins ta faɗa da bakinta cewa da ciki ta buga kakar 2018 ba ta gaya wa kowa ba.

A Nuwamban 2018 ƙungiyar ta sanar cewa ta fita daga tsohuwar yarjejeniya. Aka shafe fiye da shekara ana ja-in-ja. A Janairun 2020 aka sa hannu a sabuwa. Mafi girman albashi ya tashi daga dala 117,500 zuwa 215,000. Mai hutun haihuwa za ta karɓi albashinta cif, ba ragi. Uwa za ta samu dala 5,000 a shekara don reno, kuma gidan da ƙungiyar wasanta za ta ba ta ya zama mai ɗaki biyu. Tsofaffin 'yan wasa za a iya mayar musu da kuɗin da suka kashe wajen neman haihuwa a asibiti ko ɗaukar riƙo, har dala 60,000. Kowace 'yar wasa ɗakinta daban a otal, kujerar jirgi kuma mai wurin miƙe ƙafa.

Na san wani zai ce, to mene ne abin kirari a ɗaki biyu da kuɗin reno? Duk macen da ta taɓa aiki da goyo a bayanta ba za ta yi wannan tambaya ba. Na zauna a tarukan ƙungiyar malamai inda za a kwashe awanni ana magana kan ƙarin girma da kuɗin sufuri, da wata ta ɗaga hannu ta kawo zancen mai jego da ake kira ta dawo aji kafin ta yi arba'in, sai a ce a bar shi sai zama na gaba. Zaman na gaba kuma ba ya zuwa. Abin da ya burge ni da Nneka shi ne, a lokacin tana cikin ƙalilan ɗin da ke karɓar albashi mafi tsoka, ba ta da ɗa ba ta da jika, ga kuɗin Rasha, ga na tallace-tallace. Da ta so, da ta tsaya kan abin da zai amfani manya irinta. Sai ta tsaya har aka rubuta haƙƙin wadda ke zaune a benci, wadda in ta haihu babu jaridar da za ta tambayi inda ta shiga.

Ba ina cewa takardar ba ta da rami ba. Tana da shi, babba ma. A cikinta ne 'yan wasa suka amince da sharaɗin da ke hukunta wadda ta makara dawowa daga wasan ƙetare, har ta kai ana iya hana ta kaka sukutum, alhali a ƙetaren ne wasu ke samun kuɗin da ya ninka na gida. 'Yan wasan da suka fito daga Turai sun fi kowa jin jiki da wannan. Rabon riba da aka yi alkawari kuma an ɗaure shi da wasu sharuɗɗan kuɗin shiga, ga annobar korona ta faɗo watanni biyu bayan sa hannu. Da Caitlin Clark ta shigo a 2024 tana cika filaye maƙil, albashinta na shekarar farko dala 76,535 ne, alhali Victor Wembanyama, wanda aka fara zaɓa a gasar maza ta NBA shekara ɗaya kafin nan, ya fara da kimanin dala miliyan 12. Kuma rubuta haƙƙin mai ciki bai hana Dearica Hamby fitowa a 2023 ta ce an wulaƙanta ta a Las Vegas Aces saboda juna biyu ba. Sai dai a lura da abin da ya biyo baya: ƙungiyar ƙwadago ta nemi a bincika, aka bincika, aka dakatar da kociyar Aces, Becky Hammon, wasa biyu. Hamby ta ga hukuncin bai isa ba, ta tafi kotu. Shekaru goma kafin nan, da wuya maganar ta wuce kuka a ɗakin canza kaya.

Kuma Nneka ba ta rungume takardar 2020 kamar wahayi ba. Da gasar ta sayar da haƙƙin nuna wasanni a kan kimanin dala biliyan 2.2 na shekara 11, sai ƙungiyar ta sake fita daga yarjejeniyar a Oktoban 2024 tun kafin wa'adinta ya cika. A wasan taurari na 2025 a Indianapolis, 'yan wasan suka fito ɗumama jiki sanye da baƙaƙen riguna masu rubutun neman a biya su abin da suke bi. Ita ce dai a gaba. Wannan haɗin kai ne kuma ya yi aiki a 2020, lokacin da 'yan wasan suka juya wa Sanata Kelly Loeffler baya, wadda ke cikin masu ƙungiyar Atlanta Dream, suka sa rigunan goyon bayan abokin takararta Raphael Warnock. Ta faɗi zaɓe, aka sayar da ƙungiyar.

Yanzu bari in zo inda labarin ya taɓa mu. Duk da wannan tarihi, Nneka ba ta taɓa zuwa gasar Olamfik ba. An tsallake ta a 2016, shekarar da ta fi kowa. A 2021 aka sake tsallake ta, aka ce rauni ne a gwiwa, alhali an tafi da Diana Taurasi wadda ita ma jinya take yi, kuma Nneka ce aka zaɓa gwarzuwar wasannin share fage da aka yi a Belgrade a farkon 2020. A lokacin, ita kaɗai ce ta taɓa zama gwarzuwar WNBA ba ta taka Olamfik ba. Sai ta juyo ga ƙasar iyayenta. Hukumar ƙwallon kwando ta Amurka ta sake ta, Najeriya ta sa sunanta, amma hukumar duniya, FIBA, ta ce a'a, wai ta daɗe tana yi wa Amurka wasa. Kotun sauraren ƙararrakin wasanni ma ba ta ba ta damar zuwa Olamfik ɗin Tokyo ba. Ƙanwarta Erica ce ta sa rigar D'Tigress, tawagar matan Najeriya, a can.

A kan wannan ina tare da masu cewa an yi rashin adalci. Hakeem Olajuwon ya yi wa ƙaramar tawagar Najeriya wasa yana matashi, amma da Amurka ta so shi, an samo masa hanya, ya ci mata zinariya a Atlanta a 1996. Ƙofar tana buɗewa in za a fita daga Afirka, in za a shigo sai a ce makulli ya ɓata. Dokar FIBA ɗin kanta ta ba da damar a yarda da irin wannan sauyi in zai ciyar da wasan gaba a ƙasar da za a koma, kuma ban ga ƙasar da ta fi dacewa da wannan sharaɗi kamar tamu ba. Ba kuma za a ce Nneka ta tuna da Najeriya ne ranar da aka ƙi ta ba, don tun 2014, bayan sace 'yan matan Chibok, ita da Chiney suka haɗa kai da UNICEF suna tara kuɗi don karatun 'ya'ya mata a ƙasar nan.

Sai dai kukan da muka yi a 2021 ya ba ni kunya ta wani gefen. Mun yi ta kururuwa an hana mu 'yarmu, kamar mu muka rene ta. Makarantun gwamnati na Texas ne suka ba ta fili da koci. Dokar Amurka ta 1972 da ake kira Title IX, wadda ta hana makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin mace da namiji, ita ta sa jami'a kamar Stanford ke ɗaukar nauyin karatun yarinya saboda ƙwallo. Mu namu shi ne sunan. Zanen aro kuwa ba ya rufe katara.

Kuma da FIBA ta yarda, me za ta zo ta tarar? Watanni kaɗan bayan Tokyo, a Oktoban 2021, 'yan D'Tigress da suka ci kofin Afirka karo na uku a jere suka fito a bidiyo suna neman a biya su alawus-alawus da ladan wasa da suke bi. A Mayun 2022, saboda rikicin shugabanci a hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa, gwamnatin tarayya ta sanar da janye Najeriya daga wasannin duniya na shekara biyu. Kafin a janye wannan mataki bayan 'yan makonni, FIBA ta riga ta ba Mali gurbin da 'yan matan suka samo da guminsu a gasar cin kofin duniya ta Sydney. Manya suka yi faɗan kujera, yara suka rasa gasa. A Paris a 2024, ranar bikin buɗe Olamfik, ba a bar su sun hau jirgin ruwan tawagar Najeriya ba. Bayan kwana uku suka doke Ostareliya 75 da 62, suka doke Kanada 79 da 70, suka zama tawagar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai zagayen takwas na ƙarshe a ƙwallon kwandon Olamfik. Aka zaɓi Rena Wakama kociyar da ta fi kowa a gasar mata. Ba tare da Nneka ba suka yi wannan. Gwanaye ba su ne muka rasa ba.

Da suka ci kofin Afirka karo na biyar a jere a Abidjan a 2025, inda suka doke Mali 78 da 64, Shugaba Tinubu ya sanar da kyautar kwatankwacin dala dubu 100 ga kowace 'yar wasa, da gida, da lambar girmamawa ta OON. Na yi musu murna, sun cancanci fiye da haka. Amma kyauta tana bin ra'ayin mai bayarwa ne. Ranar da ya ga dama ya bayar, ranar da bai ga dama ba babu kotun da za ka kai shi. Wadda ta karye a sansanin horo mako biyu kafin gasa, ba ta cikin hoton fadar shugaban ƙasa. Wadda ta buga 2017 da 2019 ta yi ritaya, ba ta ciki. Wadda ta tafi haihuwa, ba ta ciki. Abin da Nneka ta gane ke nan tun tana da shekara 26, cewa ranar da kake da kofi a hannu ita ce ranar da za ka nemi a rubuta abin da za a yi maka ranar da ba ka da shi.

Za a ce mini WNBA tana da biliyoyin talabijin, gasar mata ta cikin gida da bankin Zenith ya daɗe yana ɗaukar nauyi kuwa da ƙyar take numfashi, to me za a raba? Gaskiya ne, ba wanda zai nemi dala dubu 200 daga ƙungiyar First Bank ko ta 'yan Kwastam. Amma yawancin abin da ke cikin takardar 2020 ba dukiya yake buƙata ba, a rubuta shi yake buƙata. Nawa ne alawus na kwana a sansani, kuma wace rana za a biya? Wa zai biya kuɗin aiki in gwiwa ta tsage a wasan ƙasa? In 'yar wasa ta haihu, gurbinta na nan ko ya tafi? Wa zai zauna a madadin 'yan wasa ranar da hukuma za ta yanke shawarar da ta shafe su? Lokacin da matan WNBA suka samu yarjejeniyarsu ta farko a 1999, gasar ba riba take ci ba.

Wannan magana ta fi shafar mu a Arewa fiye da yadda muke zato. Ba baƙin ƙwallon kwando ba ne mu. A Zariya Masai Ujiri ya tashi ya koyi wasan, shi ne kuma ya jagoranci Toronto Raptors ta ci kofin NBA a 2019. Kano Pillars ta maza ta sha cin gasar ƙasa. Murjanatu Musa a gasar cikin gida ta fito, ta ci kofi da Air Warriors ta Abuja a 2019, ta wuce Sifaniya da Faransa, ta buga Olamfik a Paris, har ta sa rigar Phoenix Mercury a WNBA a 2025. Dogayen yara mata masu hannu kuwa, na gan su da idona a filin makaranta, wasu ba takalmi. Mafi yawansu daga aji uku na ƙaramar sakandare suke ajiye ƙwallo. Mutane suna ɗauka zancen sutura ne kawai ke hana su, kuma yana cikin dalilai, ko da yake tun 2017 FIBA ta halatta wasa da ɗankwali ko hijabi, dogon wando da riga mai hannu kuma ba wanda ya hana. Amma iyayen da na zauna da su a kan tabarma, ba kan sutura suka fi tsayawa ba. Wani uba ya ce mini, Malama, in ta karye wa zai ɗaura ta? Wata uwa ta ce, to in ta yi aure ta samu ciki, shi ke nan wahalar ta tashi a banza? Ban iya ba su amsa ba, don babu takardar da zan nuna musu.

Manyan D'Tigress na yanzu, irin su Amy Okonkwo da Ezinne Kalu, da waɗanda suka gabace su kamar Adaora Elonu da Evelyn Akhator, suna da abin da 'yan wasan Najeriya ba su cika samu ba: kofi biyar a jere, da kunnen fadar shugaban ƙasa, da jama'ar da ke bayansu. Irin wannan dama ba ta daɗewa, shan kaye ɗaya ya isa a manta da su. In za su kafa ƙungiyar 'yan wasa mai rajista wadda za ta haɗa da 'yan gasar cikin gida, su zauna da hukumar ƙwallon kwando da hukumar wasanni ta ƙasa a fito da yarjejeniya a rubuce, yanzu ne lokacin, ba a fafe gora ranar tafiya. FIBA ta hana Nneka sa rigar Najeriya, amma babu dokar da ta hana a gayyato ta Abuja ta zauna da su kwana biyu, ta nuna musu yadda ake karanta kwantiragi, da wane sharaɗi ake fara nema, da wanda ita ta amince da shi a 2020 ya zo ya ciji 'yan wasanta. Kuɗin tikitinta bai kai kashi ɗaya cikin goma na kyautar 'yar wasa guda ba.